Tulun Gishiri a Ƙofar Gidanmu

A ƙofar gidanmu da ke unguwar Hajj Yusuf akwai randuna uku a jere a kan wani ƙarfe mai ƙafafu, a inuwar darbejiya. Na buɗe ido na same su a wurin. Mutanen gari suna ce musu sabil, wato ruwan da aka ajiye domin duk mai wucewa, ba a tambayarka daga ina kake, ba a kuma jiran godiyarka. Kusan kowane layi yana da irinsu, amma Baba ya ɗauki namu kamar su kaɗai ne a duk Khartum.

Asalinsu alkawari ne. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ƙishirwa ta kusa kashe shi a hanya, wata tsohuwa da ba ya jin yarenta ta ba shi ruwa daga randar ƙofarta. Ya yi wa Allah alkawarin duk inda ya kafa gida sai ya ajiye ruwa a ƙofa. Tafiyar ta tsaya masa a gonakin audugar Jazira, ya yi aure, ya haifi Baba. Da Baba ya gaji da tsinkar auduga ya dawo birni ya kama ɗinki a kasuwar Alhilla Kuku, abin da ya fara saye kafin ya sayi gado shi ne randa. Inna ba ta taɓa barinsa ya manta da wannan ba.

Shi yake wanke su da hannunsa kowace safiya. Ya ɗaura musu jiƙaƙƙen buhu, ya sa gwangwani a ƙarƙashin kowace don ɗigon da ke tsattsafowa, wannan na kurciyoyi ne. In mai amalanken jakin da ke kawo mana ruwa ya makara, ranar ba wanda zai ji daɗin Baba. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai uwata. Mutane sun ce na gado zafin zuciyarsa ban gado haƙurinsa ba, kuma ban taɓa samun hujjar musa musu ba.

Ciwon ya zo a farkon shekarun mulkin soja, lokacin da sukari sai da katin rabon gwamnati, burodi kuma sai ka bi layi har ƙafarka ta yi sanyi. Ina koyarwa a wata firamare a lokacin. Baba ya yi kwanaki yana fama da ciki yana shan hulba, yana cewa iska ce za ta wuce. Ranar da ya kasa miƙewa muka tsallaka gada da shi zuwa asibiti, aka ce hanjinsa ne ya murɗe har ya mutu. Aka yanke mafi yawansa, aka fito da bakin ɗan abin da ya rage ta gefen cikinsa, aka manna masa jaka. Ya rayu, amma ya fito kamar an wanke riga ta tsuke.

Kafin a sallame mu wata nas, 'yar Umdurman, kakkaura mai muryar maza, ta ja ni gefe ta yi mini bayanin da har yau ina jinsa a kunnena. Ta ce hanjin da ya rage gajere ne, ba ya iya riƙe ruwan randa. In ya sha, ruwan zai wuce kamar ta indararo, kuma ba shi kaɗai zai fita ba, zai kwashe gishirin jikinsa ya tafi da shi. Wato duk yadda ya ƙara sha, haka zai ƙara bushewa. Abin da jikinsa zai karɓa shi ne ruwan da aka haɗa da gishiri da sukari bisa awon da ta nuna mini da cokali, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini. Abinci busasshe mai gishiri, kaɗan, sau da yawa. Ban da zoɓo, ban da tsamiya, ban da duk wani abu mai zaƙi da ake sha da kofi. Ta ce a wasu ƙasashe irinsu Baba ta jijiya ake ciyar da su a gida, amma mu nan abin da muke da shi ƙarin ruwa ne in mutum ya faɗi, kuma duk faɗuwa ɗaya ƙoda tana rasa wani abu da ba zai dawo ba. Na sa ta ta maimaita, domin ban taɓa jin an ce ruwa yana kawo ƙishirwa ba.

Muka dawo gida, 'yan dubiya suka yi mana ca. Kowa da jarkarsa, wannan zoɓo mai ƙanƙara, wancan ruwan kuka, wata lemon kwalba da ta sayo da kuɗin cefanenta. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki kamar ma'aikaciyar kwastan, ina karɓa ina godiya ina miƙa wa yara. Gwaggo, yayar Baba, ta zo takanas daga unguwar Alshajara, ta ga ƙanenta leɓe a bushe, ta ga na hana shi kofin da ta zuba masa, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin 'yar da ke hana ubanta ruwa ba, ko maƙiyi ba a yi masa haka, balle mutumin da ya shayar da rabin Hajj Yusuf. Na yi mata bayanin indararo, ta ce in kai bayanina makaranta. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai har gidajen da ban taɓa shiga ba. Ina nuna ko a jikina, amma ta ci mini rai ƙwarai.

Shi Baba bai ba ni wahala ba a cikin ɗaki. Yana yatsine fuska ya kurɓi ruwan gishirinsa, ya ce ɗanɗanonsa kamar gumin jaki, na ce yaushe ya taɓa ɗanɗana gumin jaki, ya ce a Jazira ba abin da bai ɗanɗana ba. Da ya ɗan ji ƙarfi sai ya ce a fitar masa da angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, a kai masa gindin darbejiya kusa da randunansa. Kasuwa ta fi ƙarfinsa, amma zai iya ɗinkin hula a zaune yana gaisawa da mutane. Na yi murna, na ce lafiya ce ke dawowa.

Ba a jima ba idanunsa suka faɗa, ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa har yana cije leɓe, jakar kuma tana cika kamar an kunna famfo. Muka koma asibiti aka yi ƙarin ruwa. Muka dawo, aka sake maimaitawa. A karo na biyu nas ɗin nan ta tsare ni da ido ta tambaye ni wa ke ba shi ruwa. Na rantse mata ba kowa. Ta ce to jikinsa bai yarda da rantsuwata ba.

Ranar wata Juma'a da ba makaranta na zauna a zaure na bar ƙofa a ɗan buɗe. Tashar hafila, ƙananan motocin haya, tana bayan layinmu, direbobi da 'yan kwandasta duk a randunanmu suke sha. Wani direba, dogo, baƙi, mai gibi, ya zo ya ɗaga murfi ya cika moɗa. A wurinmu ƙarami ba ya ɗibar ruwa ya kai baki alhali babba yana zaune, sai ya fara miƙa masa. Ya rusuna ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce, “Itfaddal, ya Hajj,” wato bisimilla, Alhaji, kamar yadda ake kiran kowane dattijo a nan. Baba kuwa tunda aka haife shi bai taɓa mayar da hannun da aka miƙo masa ba. Ya karɓa, ya yi bisimilla, na ga alamar kurɓa ɗaya ya yi niyya, amma da sanyin ya taɓa maƙogwaronsa sai ya kasa tsayawa. Ya rage ɗan kaɗan ya mayar wa direban, shi kuma ya shanye sauran kamar yadda aka saba. A haka ake yi masa tun safe har azahar, magina, mata 'yan kasuwa, 'yan makaranta, kowa da ladabinsa.

Ban san lokacin da na fito ba, ko mayafi ban gyara ba. Na wanke bawan Allahn nan tas, da Hausa da Larabci, na ce kashe mini uba yake so ya yi. Ya tsaya da moɗa a hannu yana kallona bai san laifinsa ba, ya ajiye ta a hankali ya tafi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya jira sai da layin ya yi shiru, ya ce, “Uwata, kin kunyata baƙona a ƙofar gidana.” Daga nan bai sake ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Ni kuma na sa aka mayar da angarib ɗin cikin gida, na ce gara ya yi fushi da ni yana raye.

Jikinsa ya daidaita, ba mu koma asibiti ba, amma mutumin ya soma ƙarewa ta wani gefen. Ya ajiye allura da zare. Ya juya fuska bango. Abincin da ake so ya riƙa ci sau da yawa sai ya taɓa ya ture, ga shi ba shi da naman da zai rage. Ko ruwan gishirin sai na yi ta magiya kafin ya kurɓa, ni da ba ni da haƙurin magiya. In aka ɗaga murfin randa a waje ya ji ƙarar katakon, sai ya ɗago kai ya tambayi Inna ko an cika ta tsakiyar. Na rasa inda zan sa kaina. In na fitar da shi ladabin mutane zai kashe shi, in na ajiye shi a ciki kaɗaici zai riga su.

Inna mace ce mai shiru, irin waɗanda za ka yi zaton ba sa bin zancen. Wata safiya ta yafa mayafinta ta ce za ta Umdurman, ba ta ce don me ba. Hawa biyu ne zuwa can, ga layin mota a wancan zamani na wahalar mai. Da la'asar ta dawo da ɗan ƙaramin tulu a rungume kamar jariri, ta ce a cinyarta ta riƙo shi tun daga wurin maginan tukwane don kada a fasa mata. Ta jiƙa shi ya kwana biyu. Sannan ta sa ni na haɗa ruwan Baba na yini, ta juye a ciki, ta ɗaura masa tasa moɗar da igiya, ta kai shi ta ajiye a gefen randunan.

Na ce mata wannan ba zai hana kowa ɗiba daga babba ba. Ta ce, “Ke kina ta faɗa da mutane. Su ba ruwa suke so su ba shi ba, so suke su miƙa masa wani abu. To ki ba su abin da za su miƙa.”

Saura a sanar da layi, kuma Baba ba zai yarda a yi shelar cikinsa ba. Inna ta aika aka kira direban nan mai gibi. Ya zo yana ɗari-ɗari yana leƙen ko ina nan. Ta bayan ƙofa ta gaya masa abin da ya kamata ya sani, ba ta ƙara ko kalma ba. Ni na kai masa shayi na ajiye a maimakon ban haƙuri, ya sha, muka bar maganar a haka. Kafin magariba duk tashar ta ji, domin gaya wa direba magana ya fi sa ta a rediyo.

Washegari aka fitar da angarib. Direban ne ya fara zuwa, ya wuce randuna uku ya ɗaga murfin tulu, ya ɗebo, ya rusuna ya miƙa. Baba ya kurɓa sau biyu, ya mayar masa da sauran. A nan ne direban ya gane abin da ya jawo wa kansa, domin ragowar babba ba a zubarwa. Ya rufe ido ya shanye, fuskarsa ta tattare wuri guda, ya ce ashe Hajj tekun Bur Sudan ya sa aka kawo masa ƙofar gida. Baba ya yi dariya har ya dafe gefen cikinsa yana cewa a bari kada ɗinki ya warware. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin aikin.

Daga ranar abin ya zama al'adar layinmu. Duk wanda zai sha sai ya fara ɗebo wa Hajj daga tulu, Hajj ya kurɓa, shi ya shanye saura, sannan ya wanke bakinsa da ruwan randa. Sabon kwandasta kuwa sai an tura shi ya miƙa, a koma gefe ana jiran fuskarsa. Ba tare da kowa ya shirya ba, Baba ya riƙa samun ruwansa kurɓi-kurɓi daga safe har yamma, daidai yadda nas ta ce, abin da duk masifata ta kasa sa shi ya yi. Ci ya dawo, allura ta dawo. In baƙon da bai sani ba ya nufo shi da ruwan randa, kafin ya ƙaraso mutum uku sun tare shi.

Matsalar da ta biyo baya ita ce tulun yana ƙarewa da wuri tunda rabin tasha na taya shi sha, sukarin katinmu kuma ba ya kai mu ko'ina. Ban gaya wa kowa ba. Sai na fara tsintar ƙullin sukari a takarda a kan murfin tulun, wani cokali biyu, wani uku, a lokacin da mutane ke shan shayi da dabino don rashin sukari. Na tambayi mai shayin bakin tasha ta ce ita ba ta san zancen ba, tana faɗa tana kallon wani wuri. Gwaggo ma ta zo da nata a ƙulle a bakin mayafi, ta dangwarar a gabana, ta ce ba don ni ta kawo ba, kuma har yanzu tana nan a kan bakanta cewa ba ni da tausayi. Kafin ta tafi na gan ta ta ɗebo daga tulu ta miƙa wa ƙanenta, ta shanye saura tana tsine wa likitoci.

Da na ba nas labari ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce ita kullum majiyyaci take koya wa da mutum ɗaya daga gidansu, ta manta a ƙasar nan ba wanda ke shan ruwa shi kaɗai. Daga baya na ji tana tambayar masu jinya su waye ke zama da majiyyacinsu da rana, tana cewa a kawo mata su su ma su ji bayani.

Mun samu shekaru a haka, kuma su ne shekarun da na fi kewa. Kowace safiya Inna ta wanke tulun a haɗa sabo, amma gishiri yana tsattsafowa ta jikinsa ya bushe fari fat, har yara suka ce tulun ya yi furfura kamar mai shi. In na taso daga makaranta tun daga kwanar layi nake hango taron, Baba a tsakiya da hula a gwiwa, ƙaramin rediyo yana ta surutu ba mai saurarensa, ana gardamar ko wace shekara kogi ya fi cika. A tsananin zafi mukan koma asibiti wani lokaci, amma ba kamar da ba. Ƙishirwar dai ba ta taɓa barinsa ba. Nakan gan shi ya ɗaga murfin randar tsakiya ya sunkuya yana shaƙar ƙanshin yumɓu, ya jiƙa hannu ya shafa a fuska, ya mayar ya rufe. Ya taɓa gaya mini yana mafarkin magudanar ruwan Jazira, ya kwanta rub da ciki yana sha da baki kamar saniya, ba wanda ya ce masa ya isa. Na yi dariya a gabansa, na shiga ɗaki na yi kuka.

A ƙarshe ƙodar ta gaji. Ƙafafunsa suka kumbura, barci ya yi masa yawa, ƙarin ruwa ya daina tashinsa. Nas ɗin, ita ma lokacin furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ta ja ni wurin da ta taɓa ja na. Ta ce mu tafi da shi gida, mu ba shi duk abin da yake so. Na ce har da ruwa? Ta riƙe hannuna ta ce har da ruwa. Ba wanda ya gaya wa Baba komai, shi ma bai tambaya ba, ya dai ce a kai shi gindin bishiyarsa.

Bayan la'asar ne, mutanensa suna zazzaune a kan tabarma, direban nan yana daga wajen ƙafafunsa. Na fito na wuce tulun, na ɗaga murfin randar tsakiya, na zura moɗa can ƙasa inda ya fi sanyi. Hirar ta tsaya. Direban ya yunƙura zai tare ni kamar yadda ya saba tare baƙi, muka haɗa ido, ya koma ya zauna ya sunkuyar da kai. Na durƙusa na miƙa wa Baba da hannu biyu.

Ya dubi moɗar, ya dubi tulunsa, sannan ya dube ni.

“Daga babbar kika ɗebo, uwata?”

“Daga babbar, Baba.”

Ya ce, “To. Alhamdu lillahi.”

Na tallafo kansa ya sha a hankali, ido a rufe, ruwan yana gangarowa ta gemunsa, ban ce masa ya isa ba. Shi da kansa ya tsaya, ya rage kaɗan a gindin moɗar ya miƙo mini. Na shanye a durƙushe a gaban mutane.

Bai cika mako ba bayan nan. Washegarin jana'iza da sassafe na ji motsi a ƙofa, na leƙa ta zaure. Direban ne, ya naɗe hannun jallabiyarsa yana wanke randunan ɗaya bayan ɗaya. Ya cika su, ya jiƙa buhunan, ya gyara gwangwanayen kurciyoyi. Da ya zo kan tulun ya ɗaga murfin ya leƙa, ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar ya rufe ya tafi ya tayar da motarsa.